Digirin Digirgir a Kimiyyar Ƙwaƙwalwa: Tambayoyin Zakirai da Ɗakunan Gwaje-gwaje

Kimiyyar ƙwaƙwalwa ita ce fannin ilimin da yake nazarin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da suka fito daga cikinsu suka ratsa ko'ina a jiki, domin a gano yadda motsi da ji da gani da barci da magana da tunawa suke samuwa, da kuma abin da yake faruwa idan wani sashe na wannan tsari ya sami tangarɗa. Tun daga bakin ƙofa mai bayanin fannin da Hausa yake cin karo da wata 'yar matsala, domin kalmar jijiya ita kaɗai tana ɗauke da kaya uku: akwai wadda jini yake gudana a cikinta, akwai wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi irin ta agara, sannan akwai ta uku mai kama da farin zare, wadda ba ta ɗaukar jini kuma ba ta ɗaure komai, aikinta kawai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ta ukun nan, wadda za a kira jijiyar saƙo a nan, ita ce masanin wannan fanni yake ƙare rayuwarsa a kanta, kuma rashin bambance ta da sauran biyun shi ya sa idan majinyaci ya ce ciwon jijiya yake damunsa, sai likita ya yi ta tambaya kafin ya gane wacce ake nufi.

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, wato kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake ƙonawa idan mutum yana zaune. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu kai saƙo, waɗanda masana suke kira niyuron, kimanin biliyan 86, kowacce da rassa kamar na tsamiya. Saƙo yana tafiya a jikin ƙwayar a matsayin ɗan ƙaramin lantarki, idan kuma ya kai ƙarshen reshe, inda wani siririn giɓi ya raba ta da maƙwabciyarta, sai ta saki wani sinadari ya ƙetare da saƙon. A wannan giɓi ne da yawa daga cikin magungunan ƙwaƙwalwa suke aikinsu, haka ƙwayoyin maye irin su tiramol, haka ma wasu magungunan feshin gona. Camillo Golgi na Italiya ne ya gano rinin da ya sa aka fara ganin waɗannan ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya kuma ya yi amfani da rinin ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi, aka haɗa su a kyautar Nobel ta 1906 alhali ba su yarda da juna a kan wannan batu ba. Duk da haka fannin bai sami suna da sashensa na kansa a jami'o'i ba sai a shekarun 1960, lokacin da aka kafa ƙungiyar masu binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, wato IBRO, a 1961.

Jama'a sukan yi wa likita da dakta kuɗin goro, saboda dukansu ana rubuta musu laƙabi ɗaya a gaban suna, amma horon da kowannensu ya sha daban yake. Likita ya koyi duba majinyaci da rubuta magani bisa abin da aka riga aka sani, shi kuwa mai digiri na uku, wanda aka fi sani da digirin digirgir, an horar da shi ne ya nemo abin da ba a sani ba, kuma mai yiwuwa ne ya gama aikinsa na jami'a bai taɓa yi wa kowa allura ba. Wanda ya tashi a ƙasar Kano ba zai rasa abin kwatance ba, domin karatun allo ma yana da matakai daga kolo zuwa gardi zuwa alaramma har zuwa gwani, kuma a zaure ma ɗalibi yana lizimtar malami ɗaya shekara da shekaru kafin ya karɓi ijaza, wato shaidar cewa an yarda ya karantar da abin da ya karanta. Digirin digirgir ma yana da wannan siffa ta zama a gaban malami guda, sai dai ya bambanta a wuri ɗaya mai muhimmanci: gwani ana auna shi da yadda ya kiyaye abin da ya karɓa ba daɗi ba ragi, ɗalibin digiri na uku kuwa ba a sallamarsa sai ya kawo daɗi, komai ƙanƙantarsa, kuma ya kare shi a gaban masu neman kuskurensa. Tsarin digiri na uku ya samo asali ne daga jami'o'in Jamus, musamman ta Balin da aka buɗe a 1810, daga can ya yaɗu zuwa Amurka da Ingila, ya iso Nijeriya tare da jami'o'inta.

Yaron da ya gama sakandare a Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa da ke arewa maso gabashin birnin Kano, idan yana son bin wannan hanya, yawanci ba da sunan kimiyyar ƙwaƙwalwa zai fara ba. A Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da takwarorinsu, ƙofar shiga ita ce ɗaya daga cikin tsofaffin sassan kimiyyar lafiya: ilimin ƙirar sassan jiki, ko ilimin yadda sassan suke aiki, ko ilimin sinadaran jiki, ko ilimin tasirin magunguna, ko kuma likitancin kansa. Bayan digirin farko da hidimar ƙasa sai digiri na biyu, a nan ne akasari ɗalibi yake fara karkata ga ƙwaƙwalwa, sannan digiri na uku, wanda mafi ƙarancin wa'adinsa shekara 3 ne ga mai karatu kaɗai. A aikace yakan wuce haka nesa ba kusa ba, saboda da yawa daga cikin ɗaliban ƙananan malamai ne a jami'ar, suna koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai da rana, su duba takardun jarrabawa da dare, ga yajin aiki da yakan tsayar da komai na tsawon watanni. Matakan kuwa sanannu ne: ɗalibi ya gabatar da tsarin bincikensa a gaban malaman sashe, ya nemi izinin kwamitin da yake kula da haƙƙin mutane da dabbobin da za a yi bincike a kansu, ya yi aikin, ya rubuta kundi, a ƙarshe a gayyato farfesa daga wata jami'a ya zauna da shi awanni yana tuhumar kowane shafi.

Abin da ake koya a waɗannan shekaru ya fi fitowa fili idan aka dubi gwaji guda a kusa. Akwai wani gwajin tunawa da Richard Morris ya ƙirƙiro a Sikotilan a farkon shekarun 1980, wanda har yau ake yi a ɗakunan bincike na duniya: a cika wani babban baho mai zagaye da ruwa, a gurɓata ruwan da garin madara ko farin fenti marar guba har ba a ganin ƙasansa, a ɓoye wani ɗan dandamali a ƙarƙashin ruwan, sannan a saka ɓera a riƙa ƙirga daƙiƙoƙin da zai yi yana iyo kafin ya same shi. Lafiyayyen ɓera yakan yi ta lalube a ranar farko, bayan kwana huɗu ko biyar sai ya riƙa miƙewa kai tsaye saboda ya riƙe alamomin da ke jikin bangon ɗakin, wanda kuwa aka lalata wa wani lanƙwasasshen sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfas, zai ci gaba da zagaye kamar bai taɓa shiga ba. Riƙe agogo ba shi da wuya, yaron firamare ma zai iya. Horon yana cikin abubuwan da suke kewaye da agogon: a raba ɓerayen ta hanyar ƙuri'a domin kada hannu ya zaɓi masu kuzari zuwa rukuni ɗaya, a ware rukunin da ba a ba wa komai ba sai ruwa domin a sami abin kwatantawa, a ƙayyade yawan dabbobin tun kafin a fara, sannan a sa wani ya canja lambobin kejin ta yadda mai riƙe da agogon bai san wane ɓera ya sha magani ba. Dalilin wannan na ƙarshe shi ne ɗan Adam yana ganin abin da yake fatan gani ko da bai yi niyyar ha'inci ba, kuma ɗalibin da ya shekara biyu yana sa rai ganyensa zai yi aiki ba shi ne shaidar da ya kamata a amince wa ido rufe ba. Bayan haka sai a cire ƙwaƙwalwar, a daskarar da ita cikin sinadari da kakin masana'anta, a yanka ta salo-salo fiye da sirantar gashi, a rina, a ɗora a ƙarƙashin na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, a ƙirga ƙwayoyin da suka mutu.

A nan ne yanayin ƙasa yake shigowa cikin kimiyya. Wasu samfuran sai an adana su a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, idan wuta ta ɗauke dare guda kuma janareta ya ƙi tashi, aikin wata shida yana iya zama aikin baban giwa. Sinadaran gano sunadarai a cikin ƙwayar halitta daga waje ake sayo su da dala, kuma dole su iso cikin sanyi, don haka jinkirin mako ɗaya a filin jirgin sama yana iya kashe su. Ba abin mamaki ba ne ɗalibi da malaminsa su zaɓi binciken da aljihu zai ɗauka, wanda sau da yawa shi ne a samo wani ganye ko saiwa, a tace ruwansa, a ba ɓeraye, a duba ko ya kare ƙwaƙwalwarsu daga wata guba. Wani nazari da Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranta, wanda aka buga a mujallar Nature Communications a 2021, ya bi diddigin maƙalu 5,219 na kimiyyar ƙwaƙwalwa da aka yi a ɗakunan binciken Afirka tsakanin 1996 da 2017, ya gano cewa Masar da Afirka ta Kudu ne suka samar da kimanin rabinsu, Nijeriya ta zo ta uku da kimanin kashi 11 cikin 100, kuma nazarin tsirran magani ya ɗauki kaso mai yawa a Afirka ta Yamma, yayin da amfani da manyan na'urori na zamani ya yi ƙaranci. Binciken tsirrai ba abin rainawa ba ne, tunda maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha a yau daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin aka ciro shi. Aibin yana wurin tsayawa: kundi bayan kundi yana ƙarewa da cewa zogale ko habbatus sauda ya taimaka, ba tare da an ware sinadarin da ya yi aikin ba, ba a nuna ta wace hanya ya yi ba, ba a kuma gano adadin da zai zama guba ba, sai ɗalibi na gaba ya ɗauko wani ganyen ya maimaita. Irin wannan kundi yana kai mutum ga laƙabi, amma da wuya ya kai majinyaci ga magani.

Akwai masu ganin cewa mafita ba sai an jira ranar da kuɗi za su wadata ba. A 2011 Lucia Prieto-Godino da Tom Baden, tare da Farfesa Sadiq Yusuf, wani masani ɗan Nijeriya da yake koyarwa a Yuganda a lokacin, suka fara kwasa-kwasan da suka zama ƙungiyar TReND, wadda take koya wa matasan masu bincike na Afirka aiki da ɗan ƙaramin ƙudan nan da yake taruwa a kan ruɓaɓɓiyar ayaba ko mangwaro. Ƙudan yana girma daga ƙwai zuwa baligi cikin kwana 10, ana kiwon dubbai a cikin 'yan kwalabe da abincin da bai wuce garin masara da yis da sukari ba, yana barci, yana koyo, yana tunawa, kuma mafi yawan ƙwayoyin gadon da aka sani suna jawo cuta a jikin mutum suna da takwarori a jikinsa; a kansa aka yi binciken agogon jiki da ya ci kyautar Nobel ta 2017. Kuɗin kiwon ɓeraye 50 zai riƙe ɗakin ƙudaje na dogon lokaci. Shi Dakta Maina, ɗan asalin Jihar Yobe, ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Maiduguri, ya yi na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan cutar mantuwa ta Alzheimer, sannan a 2021 ya jagoranci buɗe cibiyar bincike da horarwa ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, inda aka girka na'urorin da a da sai an ƙetare teku ake taɓa irinsu, ake kuma karɓar ɗalibai daga sassan Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka. Daga Kano zuwa Damaturu tafiyar yini ce a mota, ba ta buƙatar biza.

Na'ura dai ba ta ƙirƙiro tambaya, kuma a wannan fuska karkarar Kano ba ta da talauci ko kaɗan. Gabasawa, wadda ƙidayar 2006 ta ba mutum fiye da dubu 200, tana cikin yankin nan da gonaki suka haɗe da juna babu saura babu daji, ana noma gero da dawa da gyaɗa da wake a fili ɗaya kowace shekara da taimakon taki, ƙauye yana hango ƙauye. A irin wannan wuri cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo suna da sunayensu na gida tun kafin zuwan asibiti: farfaɗiya, sanƙarau, shan inna, shanyewar ɓarin jiki, gigin tsufa. Farfaɗiya ta isa misali. Tana aukuwa ne idan tarin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka saki lantarkinsu gaba ɗaya babu tsari, abin da ake iya gani a rubuce da na'urar da ake manna wa wayoyinta a fatar kai, wadda Hans Berger na Jamus ya fara gwadawa a kan mutum a 1924. Daga cikin musabbabanta a wannan yanki akwai wahalar haihuwa da ta hana jariri iska, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da buguwar kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita a duniya sun kai miliyan 50, ta ce kusan kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan suka sami maganin da ya dace, amma kashi uku cikin huɗu na waɗanda suke ƙasashe matalauta ba sa samunsa, alhali ɗaya daga cikin magungunan, finobabiton, ana amfani da shi tun 1912. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu, ko da yake wannan zato har yanzu yana sa a dare a bar mai ita a kusa da murhu ko bakin rijiya.

Mai binciken da ya shiga gida ya tambayi uwa ko ɗiyarta tana da farfaɗiya, amsar da zai samu ita ce a'a, domin kalmar tana iya hana yarinya miji, ta kuma shafi ƙannenta; wata uwar kuma da gaske take, tunda a wurinta abin da yake damun ɗiyar iska ce. Dole a sauya tambayar zuwa abin da ido ya gani, kamar ko yarinyar takan yanke jiki ta faɗi babu zazzaɓi, ko takan ƙafe da ido a kira ta ba ta amsa ba, ko takan ciji harshe ko ta saki fitsari a lokacin. Tsara irin waɗannan tambayoyi da Hausa, da gwada su a kan yaran da ƙwararren likita ya riga ya tantance domin a san sau nawa suke dacewa, sau nawa suke kuskure, aiki ne na kimiyya cikakke. Yana daga cikin abin da shirin BRIDGE ya yi, wanda masana na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka gudanar a Kano da Zariya da Kaduna, domin a auna ko ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci, idan aka horar da su, za su iya gano farfaɗiyar yara su kuma kula da ita. Tambayar ta dace da gari irin Zakirai, inda ma'aikacin ƙaramin asibiti yake kusa, ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa kuwa sai an shiga birni.

Misali mafi ƙarfi daga Kano ya fito ne daga cutar sikila. Ana haifar jarirai kimanin dubu 150 da ita kowace shekara a Nijeriya, kuma idan ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin goma yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20, saboda jijiyoyin jinin da suke ciyar da ƙwaƙwalwa suna tsukewa. Ana iya hango haɗarin tun da wuri: a shafa ɗan man gwaji a gefen goshin yaro, a ɗora wata 'yar na'ura mai aika sauti, ta auna gudun jini a cikin kai, kuma kamar yadda ruwa yake ƙara gudu idan aka matse bakin tiyo, gudun da ya kai santimita 200 a daƙiƙa alama ce ta tsukewa. A Amurka maganin shi ne ƙarin jini kowane wata, abin da iyali a karkarar Kano ba za su iya ɗauka ba, ma'ajiyar jinin asibitocin ma ba za ta iya ba. Sai likitocin Kano, ciki har da Shehu Abdullahi da Najibah Galadanci, tare da Michael DeBaun na Vanderbilt, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya da ake sha kullum, a wani gwaji na yara 220 a Kano da Kaduna da aka buga sakamakonsa a 2022, inda aka ga cewa ƙaramin awo na miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro bai gaza awo na miligiram 20 ba wajen kare shi. Rabin awo yana nufin rabin kuɗi. Ba a shigo da wannan tambaya daga waje ba, ƙarancin jini da ƙarancin kuɗi ne suka haife ta, kuma a cikin aikin an horar da masu auna gudun jini da masu tattara bayanai da matasan likitocin da suka koyi tsara gwaji da hannunsu.

Wannan hanya tana da magabata a ƙasar nan. Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan, wanda ya rasu a 1995, ya yi suna ne da binciken wata cuta da take sa mutane tangaɗi da raunin gani da ji a kudu maso yammacin Nijeriya, ya danganta ta da gubar sayanayid da ke cikin rogon da ba a sarrafa da kyau ba. A arewa ma akwai gubobin da suka shafi sana'a da abinci. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, waɗanda suka rayu kuma da yawa sun tashi da illa a ƙwaƙwalwa. Manomin wake yana goya tankin feshi a baya da tsakar rana, sau da yawa babu safar hannu babu abin rufe hanci, fiya-fiya kuma ana ajiye ta a ɗaki saboda sauro da ƙwarin hatsi. Wannan rukuni na magunguna yana kashe ƙwaro ne ta hanyar toshe sinadarin da yake share saƙo daga giɓin da aka ambata a baya, kuma irin wannan sinadari ne a jikin mutum. Auna abin da shekaru 20 na irin wannan feshi suke yi wa hannu da tunanin manomi aiki ne da ya isa kundin digiri na uku, kuma mafi yawan kayan aikinsa ba su wuce takardar tambayoyi da gwajin jini da haƙurin bin mutane gida-gida ba.

Bin mutane gida-gida kuwa yana buƙatar amana, kuma Kano ta san farashin rasa ta. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da dubu 100 a Nijeriya ta kashe fiye da dubu 11, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji na yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, yara 11 suka rasu, iyaye suka kai ƙara cewa ba a yi musu bayani an nemi yardarsu ba, kamfanin ya musanta laifi, daga baya aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ana lissafa wannan lamari cikin abubuwan da suka ƙarfafa zargin da ya kai ga dakatar da rigakafin shan inna a jihar a 2003, wanda ba a dawo da shi ba sai a 2004, bayan cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Shi ya sa darasin neman yarda ba cike fom ba ne kawai a horon mai bincike: ya san cewa sallama ga hakimi da dagaci da mai unguwa da liman wajibi ce amma ba ta maye gurbin yardar mahaifi da mahaifiya, ya iya karanta takardar da Hausa ga wanda bai yi boko ba a gaban shaida, ya kuma bayyana ƙarara cewa wanda ya ƙi shiga ba za a hana shi magani ba.

Kuɗin karatun digiri na uku kuwa yakan fito ne daga asusun TETFund da aka kafa da dokar 2011 domin malaman manyan makarantu, ko daga tallafin ƙasashen waje da na ƙungiyoyi irin su IBRO da ƙungiyar masanan fannin ta Afirka da aka kafa a Nairobi a 1993, ko kuma daga albashin ɗalibin da gudummawar dangi, wanda shi ne ya fi yawa. Wanda ya sami fita waje yakan dawo da ƙwarewa a kan na'urar da babu ita a sashensa, wanda ya tsaya a gida kuma yakan san majinyata da unguwanni amma hannunsa bai taɓa na'urar ba, don haka tsarin da yake raba shekarun tsakanin wuraren biyu, a bar tambayar da samfuran a gida, ya fi dacewa da halin da ake ciki.

Akwai kuma ɓangaren da ɗan ƙasa ne kaɗai zai iya yi da kyau. Binciken haɗin gwiwa na Ibadan da Indiyanafolis, wanda aka fara a 1992, ya gano cewa cutar Alzheimer ba ta kama tsofaffin Yarabawan Ibadan da yawa kamar yadda take kama baƙaƙen fatar Amurka masu irin shekarunsu, amma kafin a kai ga wannan sakamako sai da masu binciken suka ƙera ma'aunin tunani da zai yi adalci ga wanda bai yi makaranta ba, suka haɗa da tambayar wani na kusa da tsohon. Gwaje-gwajen da aka tsara a Turai sukan ce wa mutum ya faɗi kwanan wata na Miladiyya, ya zana fuskar agogo, ya riƙa cire 7 daga 100, kuma dattijo ɗan shekara 75 a ƙauyen Gabasawa yana iya faɗuwa dukansu alhali ƙwaƙwalwarsa garau take, tunda shi lissafinsa da watan Musulunci da ranar kasuwa da lokutan salla yake yi, bai kuma taɓa riƙe fensir ba. Mai auna gigin tsufa a can zai tambaye shi kwana nawa ga wata, da sunayen jikokinsa bi da bi, da kuɗin mudu uku na gero idan an faɗi kuɗin mudu ɗaya, sannan ya koma ga uwargida ko babban ɗa ya ji ko Malam ya fara maimaita alwala, ko ya taɓa ɓata a hanyar gonar da ya shekara 50 yana nomawa.